Tarihin Rayuwata (Kashi Na 14): Yadda Ake Karɓar Ikilisiya A Katsina

A makon jiya mun tsaya inda takardar canjin wurin aiki ta iso daga ofishin gunduma, aka ce in bar ƙauyen da nake a ƙasar Malumfashi in koma birnin Katsina in riƙe ikilisiya. Ƙananan fastoci sun yi ta roƙo a fayyace musu yadda ake irin wannan ƙaura, don haka yau bayani zai fi labari yawa.

Faston ƙauye manomi ne, saboda haka abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne hatsi. Kada a kwashe rumbu duka. A ware abin da iyali za su ci zuwa wata kakar, buhu ɗaya tiya 40 ne, kowa ya san cin gidansa, sauran a sayar tun a can. Wake kuwa sai a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba ƙwari su gama da shi kafin Ista. Wajen lodi a motar ɗaukar kaya (kanta), hatsi ne ke fara shiga ta wajen kan mota, sai gadaje da kujeru, katifu a sama. Littattafai a naɗe su da leda kafin su shiga kwali, don ƙurar hunturu ba ta da kunya. A tashi da sassafe, a bi ta Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya da Charanci, a sauke kaya da sauran rana. Tafiyar dare ba ta wannan zamanin ba ce.

To, babban aikin yana teburin miƙa ragama. Nan ne fasto mai shigowa ke sayen zaman lafiya ko ya sayi rigimar shekaru. A zauna da mai barin gado, da sakatare, da ma'aji, da dattawa biyu ko uku a matsayin shaidu. A fito da rajistar mambobi, ta baftisma, littafin shaidar aure, littafin kuɗin baiko da zakka da mambobi ke bayarwa, da takardun fili. Ba karanta sunayen kaya ake yi daga takarda ba, tashi ake a je a gani. Janareta a tada shi a ji ƙararsa. Lasifika a jona. Kujeru a ƙirga, masu karyayyar ƙafa a rubuta su daban. Littafin aure a duba lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, domin shafin da ya ɓace yau, kai za a tambaya gobe.

Abu biyu ne suka fi cizon sabon fasto. Na farko bashin da ba a rubuta ba: siminti da aka karɓa da baki lokacin gini, ko kuɗin wutar gidan fasto da ya taru. Maganinsa tambaya ɗaya ce a gaban kowa: "Baba ma'aji, akwai wanda ke bin ikilisiya ko sisi?" Amsar ta shiga rubutu, kowa ya sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi gunduma. Na biyu sa hannu a banki. Banki ba ya sauya masu sa hannu sai ya ga wasiƙa da rubutaccen bayanin taron da aka yanke shawarar. Idan aka bari tsohon fasto ya tafi ba a yi ba, albashin mai gadi ma sai ya maƙale.

Gidan fasto a duba kwanonsa tun da rani, a shiga da rana tsaka a rufe ƙofa, duk inda haske ya leƙo nan ruwa zai zubo. A tambayi maƙwabta inda 'yan garuwa ke ɗebo ruwa.

Sai gaisuwa, kuma tana da tsari. Dattijon da ya fi daɗewa a unguwa shi zai yi jagora zuwa wurin mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga sabon malaminmu mun kawo ya gaishe ka." Daga nan limamin unguwa, ofishin 'yan sanda, sannan shugabannin ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) da sauran ɗarikoki. Angilikan na da bishop a garin, Katolika ma tun 2023 suna da dayosis nasu, wato yankin da bishop ke kula da shi, a ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi.

A cikin ikilisiyar kuma a yi hattara da ɗokin gyara. Jama'ar birni ba ta ƙauye ba ce: ga Hausawa Kirista daga Kafur da Matazu, ga mutanen Kudancin Kaduna da Filato, ga ma'aikata da ɗalibai da ke zuwa su tafi. Akwai kuma tsofaffin da za su ba ka labarin asibitin kutare na Babbar Ruga, wanda mishan ɗin SIM suka riƙe tun ƙarshen shekarun 1930. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. A nawa ganin, wata shida na farko kada a taɓa lokacin sujadar Hausa da ta Turanci, kada a sauya shugabar Zumuntar Mata, kada a fara gini. A raba mambobi unguwa-unguwa, a ziyarci gida uku ko huɗu kowace yamma tare da dattijo ɗaya, ana rubuta sunayen yara da marasa lafiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai batun makarantar yara da yadda Mama Fasto, wato maiɗakina, ta karɓi nata aikin.