Wasiƙa daga Marrakesh zuwa ga ƙannena da suka ci bak a Damagaram

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa duk wanda ya ci jarrabawar bak ta bana, wato ta kammala sakandare, barka da arziki, ina kuma taya iyayensa murna, don su ma sun ci ko da ba su zauna kan benci ba. Waɗanda ba su samu ba, Allah ya sa jinkirin alheri ne. Ina gaida mutanen Birni da Zango da Sabon Gari, da ƴan uwa na Mirriya da Matamai da Magarya da Tanut.

Tun ranar da sakamako ya fito wayata ba ta huta ba. Saƙon murya a WhatsApp, wani na bin wani, kuma tambayar ɗaya ce: "Yaya, wane karatu ya fi?" Na gaji da ba da amsar minti biyu ina tafe a hanya, shi ya sa na zauna in rubuta gaba ɗaya. Ita wannan tambaya kamar mutum ne ya shiga kasuwar Dole ya ce wa baduku ya ba shi takalmin da ya fi kowanne, bai nuna masa ƙafarsa ba.

Bari in fara da kaina, don ni ma na sa takalmin da ba nawa ba, shekara biyu ina ɗingishi da shi.

Bak D na ci, ta ɓangaren kimiyya. A daren da labari ya zo, Baba na zaune a ƙofar gida kan tabarma, Kawu ya iso, ko sallama bai gama ba ya ce, "To, Alhaji, mun samu likita." Shi ke nan magana ta ƙare. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma kuma, in faɗi gaskiya, ban tambayi kaina ba. Abin da na sani game da likitanci bai wuce farar riga da abin nan da ake ratayawa a wuya ba. Da na shiga sai na tarar da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi ba iyaka, da kimiyyar sinadarai, da ƙwayoyin halitta. Hadda ba ta gagare ni ba, ɗan makarantar allo ne ni. Zuciyar ce ba ta wurin. Akwai abokin ɗakina, shi in ya buɗe littafin sassan jiki sai an kira asuba yana murmushi shi kaɗai, ni ko shafi uku suka wuce sai hamma. Na faɗi, na maimaita, na sake faɗuwa. Yau shi likita ne, kuma ya cancanta.

Da na koma gida Inna ba ta ce uffan ba, fura ta dama ta ajiye mini. Baba kwana uku bai kula ni ba. A na huɗu bayan sallar isha ya kira ni ya ce, "Kai me kake so ka karanta?" Ban da amsa a lokacin.

Amsar ta zo a bazara. Kun san yadda take yi mana. Ƙarfe uku na dare Inna na zaune gindin famfo, jarkoki jere a gabanta, ta kasa kunne tana sauraren bututu yana hura iska ko ruwa zai biyo baya. Wani lokacin ya zo siriri kamar zare, wani lokacin gari ya waye sai an nemi ƴan garuwa. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aiki da masu haƙar rijiyar burtsatse. Na tambaye shi me ya sa garinmu yake haka. Ya nuna mini manyan duwatsun nan na Birni da muke hawa muna yara, ya ce, "Ɗana, abin da kake gani a sama shi ne a ƙasa. A kan falalen dutse muke zaune. Dutsen nan ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage, shi ya sa ake jawo mana shi daga nesa." Daga baya na karanta cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Ashe abin da ke hana Inna barci fannin ilimi ne guda, da malamansa da taswirorinsa. Na yi lisansi, wato digirin farko, a ilimin duwatsu da ƙasa, yanzu ga ni a nan Moroko ina mastar a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A kewayen Marrakesh har yau ana ganin ragowar tsoffin magudanan ƙarƙashin ƙasa da mutanen da suka haƙa da hannu suna jawo ruwa daga gindin tsaunuka. Ranar da aka kai mu gani, Inna na tuna.

Kar ku ɗauka cewa nake yi kowa ya bi son ransa kawai. So ba ya biyan kuɗin haya. Abin da nake cewa, kada ku yi cinikin biri a sama. Kafin ka rubuta sunan wani fanni a takardar zaɓi, ka san me za a koya maka ranar Talata da safe a shekarar farko, ka san shekara nawa zai ci maka, ka san ƙofar da takardar take buɗewa da wadda ba ta buɗewa.

Tsarin da jami'o'inmu ke bi shi ne wanda ake kira LMD, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Bolonya a 1999. Lisansi shekara 3, mastar 2, doktora 3 ko fiye. Kowace shekara zango biyu ce, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin darussan da ka ci, sai ka tara 180 a ba ka lisansi, mastar kuma 120. Da yawa ba sa gane nauyin wannan sai sun shiga. A lise, wato babbar sakandare, matsakaicin maki na ƙarshen shekara ke ceton mutum. A jami'a darasin da ka bari a baya bashi ne, yana iya bin ka har shekara ta uku ya riƙe maka takarda. Sannan lisansin ma iri biyu ce. Akwai ta gama-gari, wadda galibi share fage ce ga mastar ko jarrabawar shiga aikin gwamnati, akwai ta sana'a, wadda ake haɗawa da zaman koyon aiki a kamfani ko ma'aikata. Wanda ya san gidansu ba za su iya ɗaukar nauyinsa shekara biyar ba, ya dubi ta biyun da idon basira.

A nan ne nake da ƙorafi a kanmu, mu ƴan boko. Mun raina karatun shekara biyu. In yaro ya ce BTS zai yi, ko DUT a cibiyar fasaha ta jami'a, sai a riƙa yi masa kallon wanda ya kasa. Alhali matatar mai ta SORAZ da ke arewa da gari, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba da jawabi take tafiya ba. Masu kula da injuna da lantarki da awo da tsaron lafiyar ma'aikata ke riƙe da ita. Haka aikin hasken rana, haka gyaran na'urorin asibiti, haka awon filaye. Kuma takardar shekara biyu ba rufaffiyar ƙofa ba ce, ana ɗorawa a kanta a yi lisansin sana'a in hali ya samu. Mai sha'awar ma'adinai da masana'antu ya binciki makarantar EMIG a Yamai. Mai son aikin jinya ko ungozoma, makarantar koyon aikin lafiya tana nan cikin garinmu, ba sai ya yi shekara bakwai ko takwas na likitanci ba kafin ya taɓa marar lafiya.

Ƴan bak A kuma, na ɓangaren adabi, kada wani ya sa ku jin kunyar fanninku. Jami'ar garinmu sunan wa take ɗauke da shi? André Salifou, ɗan Damagaram, masanin tarihi, wanda ya rubuta tarihin masarautar nan, ya rasu a 2022. Sai dai ku shiga da ido buɗe. Tarihi da labarin ƙasa da ilimin zamantakewa da adabi, mafi yawan hanyoyinsu koyarwa ce, ko jarrabawar shiga ma'aikatu, ko aiki da ƙungiyoyi. In ba ka son alli, ka yi tunani tun yanzu. Ka kuma haɗa da wani abu a hannu, kwamfuta ko Ingilishi ko iya zana taswira. Tunda kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ni a ganina wanda ya ƙware a nazarin harshe da fassara ba zai rasa abin yi ba nan gaba. Wannan hasashena ne, ba alkawari ba.

Zamanin da jami'a ɗaya ce tal a ƙasa, ta Abdou Moumouni a Yamai, ya wuce. Akwai ta Damagaram, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta Djibo Hamani a Tawa, sannan a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ƴan makarantun Faransanci da Larabci suna da jami'ar Musulunci ta Say. Karatu a gida ba ƙasƙanci ba ne. Wanda ke cin tuwon Innarsa ya tafi aji ya riga wanda ke lissafin kuɗin gawayi a baƙon gari da taki ɗaya.

Sai maganar waje, wadda ita ce rabin saƙonnin da nake samu. Kowa na son ya hau jirgi. To ku ji. Moroko na ba ɗalibanmu gurabe ta hannun hukumarta ta haɗin kai da ƙasashe, AMCI, kuma ta hanyar gwamnati ake bi, a gida kuwa hukumar ANAB ce ke kula da sha'anin burs, wato tallafin karatu. A nan tsangayoyi iri biyu ne, waɗanda ƙofarsu a buɗe take da waɗanda sai an tace, kamar likitanci da makarantun injiniya. Darussan kimiyya da harshen Faransanci ake koyar da su, amma mai kanti da mai gidan haya da direban bas Larabcinsu na gida suke yi, wanda ko mahaddacin Alƙur'ani sai ya yi watanni kafin kunnensa ya buɗe. Burs a ko'ina tallafi ne, ba albashi ba. Sanyin watan Janairu a ɗakin da ba abin ɗumama shi, wannan ba a rubuta shi a takardar talla. Masu hangen Kano da Zariya kuwa, ku san can digirin farko shekara 4 ne a yawancin fannoni, injiniya 5, likitanci 6, kuma da Ingilishi. Turkiyya ma shekara 4 ne, tallafin gwamnatinsu kuma da shekarar koyon Turkanci yake farawa. Wannan bambanci na 3 da 4 yakan dawo wa mutum in ya tashi neman mastar a wata ƙasa, don wasu jami'o'in sai sun nemi ƙarin darussa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ɗan Gwaggona. Wani mai shiga tsakani ya zo da takardu masu ƙyalli, hoton gini mai hawa huɗu da tutoci, makaranta mai zaman kanta a wata ƙasa ta bakin teku. Gwaggo ta sayar da shanunta biyu da filin da ta gada. Yaro ya yi shekara uku, ya dawo da takarda mai tambarin zinariya, aka yi walima. Da ya kai ta neman a daidaita masa ita don ya shiga jarrabawar ɗaukar aiki, aka duba aka ce ba a san makarantar ba. Yanzu kabu-kabu yake yi, takardar na cikin leda a ƙasan akwatin Gwaggo. Ba cewa nake yi makarantu masu zaman kansu duk haka suke ba, akwai na ƙwarai. Amma kafin a biya ko dala, a tambaya: gwamnatin ƙasar ta ba su izini? Fannin da kake so, shi kansa, CAMES ta amince da shi? CAMES ita ce hukumar da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a 1968, mazauninta Wagadugu, tana tantance takardun shaida. Makaranta na iya samun amincewa a fanni ɗaya ta rasa a wani, don haka a nemi ganin takarda da sunan fannin, kada a tsaya ga "ai an san mu". A kuma leƙa ma'aikatar ilimi mai zurfi a tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙannena mata, na san ku lissafinku ya fi namu tsawo, don ana tambayar ku aure kafin a tambaye ku fanni. Ku zauna da iyaye a yi maganar shekarun a fili tun farko. Wadda ta ɗauki likitanci da yardar gida da ta wanda zai aure ta, Allah ya taimaka, asibitocinmu na bukatarta ƙwarai. Wadda ta ga shekara uku ce a hannunta, ta zaɓi abin da za ta kammala ta riƙe takardarsa.

Iyayenmu kuma, da girmamawa nake roƙo. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, wannan haka yake. Amma tambayar da Baba ya yi mini bayan isha, da ya yi ta shekara biyu kafin nan, da an huta da kuɗin mota da na rajista da ɓacin rai.

Ga aikin da nake ba kowannenku kafin a rufe rajista. Duk fannin da ke ranka, ka nemo mutum biyu da suka gama shi shekara biyar da suka wuce, ɗaya da ya samu aiki, ɗaya da har yanzu yake zaune a fada, majalisar samari, yana dafa shayi. Ka sayi sukari ka je ka zauna da kowannensu. Na biyun zai fi gaya maka gaskiya. In ruwan ƙasa ne ke ranka, ni ga ni, ka aiko saƙo, amma bayan ƙarfe tara na dare, don da rana muna fita awon rijiyoyi.

A gaida Inna, a ce mata alkakin da ta aiko ya iso, abokan ɗakina sun cinye rabi kafin in dawo daga aji.

Wassalam,
Yayanku a Marrakesh