Hazem El Masri da bugun da ake yi daga bakin layi

Salamu alaikum jama'a. Yau ba zancen Coton Sport, kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garinmu, na kawo ba, zancen wani bawan Allah ne da na san da yawanmu a nan Garwa ba mu taɓa jin sunansa ba, kai ko wasan da ya yi suna a cikinsa ma ba mu san shi sosai ba. Sunansa Hazem El Masri, ɗan Labanan ne da ya girma a Ostareliya, wasansa kuwa rugbi ne, irin na mutum goma sha uku.

Yadda na ci karo da shi ma abin Allah ne. Cikin azumin nan da ya faɗo mana a tsakiyar zafi, wata rana bayan asham an ɗauke kuran, ɗaki ba ya shiguwa, na jawo tabarma ƙofar gida ina danne-dannen waya, sai Facebook ya kawo min bidiyon nan na Sonny Bill Williams, ɗan wasan rugbin Niyu Zilan ɗin da ya cire lambar zinaren kofin duniya ya rataya wa wani yaro a 2015. Na bi sunansa ina dubawa, daga nan na ga ashe a kulob ɗin Bulldogs na Sidni ya fara, kuma lokacin da suka ci kofi a 2004 yana yaro ɗan shekara 19, bai ma musulunta ba tukuna, akwai wani babban yayansu a kulob ɗin, Musulmi, shi ke yi musu bugun ƙwallo da ƙafa. To wannan yayan ne ya riƙe ni har aka fara tashin sahur ban runtsa ba.

Sai na ɗan yi bayanin wasan, in ba haka ba ba za a gane abin da ya burge ni ba. Rugbi iri biyu ne. Akwai na mutum sha biyar, shi muka fi gani a tele in Faransa ko Afirka ta Kudu suna wasa, akwai kuma na mutum sha uku. Asalinsu ɗaya, sun rabu ne a 1895 a arewacin Ingila, kan maganar kuɗi: 'yan wasan can leburori ne masu aikin haƙar gawayi da masaƙu, in suka bar aiki ranar Asabar don wasa ba a biyansu ladan ranar, suka ce a riƙa ba su abin da suka rasa, manya suka ce a'a, su kuwa suka ware suka kafa nasu. A na sha ukun, in ƙwallo tana hannunku sau shida kaɗai aka yarda a kayar da ku, in ba ku yi komai ba sai ku miƙa. In mutum ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya dire ta, maki 4 ke nan. Daga nan sai a ba ku bugun ƙari na maki 2, a dasa ƙwallo a ƙasa a buga ta bi ta tsakanin dogayen sanduna biyu, sama da sandar da ta gitta. Ga inda gizo ke saƙar: ba a tsakiya ake dasa ta ba, daidai saitin inda aka dire ta ake bugawa. In ɗan'uwanka ya dire a ƙarƙashin sanduna ka huta, in kuwa a can kusurwa ya faɗi da ita, to daga bakin layin gefe za ka buga, kana hango sandunan nan kamar ƙofar da aka kusa rufewa, ga ƙwallon ba zagayayya ba, kamar ƙwai take.

Wannan shi ne aikin Hazem.

An haife shi a 1976 a Tarabulus ta Labanan, ba ta Libiya ba, shekara ɗaya da fara yaƙin basasar ƙasar. Wato ya buɗe ido ne cikin yaƙi. A 1988 iyayensa suka kwashe su suka koma Sidni yana ɗan shekara goma sha biyu, suka zauna a yankin da Larabawan Labanan suka yi yawa, wajajen Belmore da Lakemba inda babban masallacin nan yake. Ƙwallon ƙafa irin tamu ya fara bugawa, rugbi sai daga baya a makaranta, kuma duk wanda ya ga yadda yake dukan ƙwallo da cikin ƙafa ta lanƙwasa zai gane inda ya samo abin. A 1996 ya fara buga wa manyan Bulldogs, kulob ɗin unguwarsu, a matsayin ɗan gefe. Ba ƙato ba ne, in ka gan shi tsakanin waɗancan ƙartin masu wuya kamar turmi sai ka tausaya masa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shekarunsa biyar na farko. Kulob ɗin suna da mai bugu tuni, Daryl Halligan ɗan Niyu Zilan, wanda shi ne ya fara haura maki 2,000 a tarihin babbar gasar rugbin Ostareliya, don haka babu wanda zai ɗauke bugu daga wannan ya ba yaro. Hazem ya zauna a bayansa, yana gudunsa a gefe, yana kallo, yana koyo, har Halligan ya ajiye takalmi a ƙarshen 2000 sannan aka miƙa masa. Shekara biyar fa, mutum yana da abu a ƙafarsa ya san yana da shi, amma bai tattara ya tafi wani kulob ba.

Akwai bugu ɗaya da na kalla ya fi sau ashirin. A 2002 ne, sun je Newcastle ta Ostareliya, gidan ɗan wasan nan Andrew Johns, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa. Ana gab da tashi Bulldogs suka dire ƙwallo can gefe, ya zama 21 da 20, su ne a baya da maki ɗaya, jiniyar tashi ta riga ta yi kuka, abin da ya rage bugun nan ne kawai, in ya shiga sun ci in ya kauce sun sha kashi. Filin cike da mutanen gari suna ta ihu a kansa, ga iska. Ka ga mutumin nan ya durƙusa ya gyara wa ƙwallo zama a hankali kamar mai dasa itace, ya ja da baya da 'yan takunsa da ya saba, ya ɗaga kai ya dubi sanduna, ya sunkuyar, sannan ya zo ya ɗora mata ƙafa. Ta tashi kamar za ta wuce waje, can sai ta karyo ta shige. 22 da 21. Wallahi ni da ke zaune kan tabarma a Garwa bayan shekara ashirin da wani abu sai da na miƙe tsaye.

Kuma shekarar ba ta ƙare musu da daɗi ba. An gano shugabannin kulob ɗin sun karya dokar iyakar albashi, aka zabtare musu maki 37, daga saman teburi suka koma can ƙasa. Duk gumin da 'yan wasa suka zubar ya tafi a banza saboda abin da aka ƙulla a ofis. Nan ma bai tafi ba. Shekara biyu bayan haka, 2004, suka doke Roosters 16 da 13 a wasan ƙarshe, shi da kansa ya dire ƙwallo ɗaya a ranar, kuma a wannan kakar kaɗai ya tara maki 342, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi. Magoya baya suka sa masa El Magic.

Maganar azumi kuwa, ita ce aka fi yaɗawa a kansa kuma gaskiya ce, yana azuminsa yana aikinsa. Amma ku lura da wani abu da ni ma sai da na zauna na yi lissafi na gane nauyinsa. Su can lokutansu a juye suke da namu, Disamba da Janairu su ne tsakiyar zafinsu, rana doguwa, kuma a lokacin ne kulob-kulob ke yin horon share fage, wanda ya fi kowane horo wahala, gudu da ɗaga ƙarfe da kokawa. A shekarunsa na farko watan Ramadan a daidai nan ya riƙa faɗowa. Da watan ya yi ta matsowa, zuwa 2007 da 2008 da 2009 sai ya faɗo a Satumba, ƙarshen kakar wasa, lokacin da ake wasannin a mutu ko a yi rai. Mu da muka san abin da ake nufi da ƙishirwar azahar a watan Afrilu a bakin Binuwai, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sannan ku tuna zamanin da ya yi wannan: bayan harin 11 ga Satumba 2001, da rikicin bakin teku na Cronulla a Disamban 2005 inda aka yi ta farautar duk mai kama da Balarabe. A cikin wannan yanayin ne wani mai suna Hazem, ba ya shan giya a wasan da giya ta yi wa katutu, yake tsayawa gaban dubban mutane duk mako kowa ya zuba wa ƙafarsa ido.

Ya buga wa Labanan, har da gasar kofin duniya ta 2000, kuma a wasan neman gurbi da Maroko a 1999 da suka ci 104 da 0 shi kaɗai ya kawo maki 48. Ostareliya sau ɗaya ta kira shi, a 2002, jiharsa ta New South Wales ma sau ɗaya, a 2007, kuma sun ci wasan. A ganina an yi masa rowa a nan, amma bari in bar wannan. A farkon 2009 ya wuce Andrew Johns ya zama wanda ya fi kowa maki a tarihin gasar, ya yi ritaya a ƙarshen shekarar da wasa 317, ya dire ƙwallo sau 159, bugu 891, jimla maki 2,418, duk a riga ɗaya. Sai a 2019 Cameron Smith ya wuce shi.

To me ya sa duk na damu haka? Saboda ɗan yayata ne. Yaro ne ɗan shekara sha bakwai, Allah ya ba shi ƙafar hagu, duk kartiyenmu an sani. Bara wani mutum ya zo da jaka da hotuna a waya ya ce zai kai shi gwaji Turai, uwarsa ta sayar da 'yan awakinta da ɗan zinaren da take ajiye, muka haɗa aka ba shi, yaro ya je Yawunde ya zauna wata biyu a ɗakin wani, mutumin ya kashe waya. Ya dawo a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ba ko sisi, sai da na aika masa kuɗin mota. Tun daga nan ya daina zuwa fili, in ka yi magana ya ce Kawu ai a nan ba a zama komai, wanda bai fita ba ya mutu. Na ce masa Vincent Aboubakar fa, ba a Coton Sport ya zauna ya ci ƙwallaye har Valenciennes suka zo da kansu suka ɗauke shi a 2010 ba? Ya ce wannan daban.

Ban iya wa'azi ba, kuma yaran yanzu in ka cika magana sai su toshe kunne. Abin da na yi kawai, wata rana bayan shan ruwa na miƙa masa waya na ce kalli wannan. Ya kalli bugun Newcastle, ya mayar baya, ya sake kalla, ya ce Kawu daga nan ya buga? Na ce daga nan. Ya ce ƙwallon ma ba daidai take ba. Na ce kuma shekara biyar ya yi yana jiran a ba shi damar bugawa, a kulob ɗin unguwarsu. Bai ce komai ba, ya miƙo min wayata ya shige gida.

Mu a nan arewa ba mu da wannan wasa, na ji dai ana ɗan yinsa a kudu, har Kamaru ta je gasar da aka yi a Legas a 2019 tare da Najeriya da Ghana da Maroko, amma ban taɓa ganin ƙwallon nan mai kama da ƙwai a kasuwar Garwa ba, kuma ba ina so yaron ya koma rugbi ba ne. Ƙwallonsa ta ƙafa nake so ya koma wa.

Bayan salla da kamar mako biyu ina dawowa a moto wajen la'asar sakaliya, na bi ta filin bayan makarantar kartiyenmu, sai na hango mutum ɗaya a can kusurwa. Shi ne. Ya tara 'yar ƙasa ya ɗora ƙwallo a kai, daidai inda ake bugun kwana, yana so ya lanƙwasa ta ta shiga raga kai tsaye, ragar ma ba raga ba ce, sanduna biyu ne da igiya. Ƙaninsa ƙarami ke tsaye a baya yana ɗauko masa. Na kashe moto daga nesa na tsaya ƙarƙashin dalbejiya don kar ya gan ni. Na ƙirga goma sha huɗu, biyu suka shiga. Ƙanin ya ce Yaya na gaji, magariba ta kusa. Ya ce ɗauko dai, saura shida.