Saƙon Godiya Bayan Gayyar Yashe Magudanar Ruwa a Unguwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin shugaba da mambobin ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu, wadda ke gefen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin gayyar da muka yi Asabar uku a jere, na yashe babbar magudanar ruwa da ƙananan kwatocin da ke zuba cikinta. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu lafiya da iko, ya kuma sa muka kammala kafin damina ta kankama. Bayan haka, ya zo a hadisi cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, shi ya sa aka ɗora mini nauyin rubuta wannan saƙo. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka fi wahala sun roƙi a sakaya su, kuma mun san in aka fara jera sunaye sai an tsallake wani, a ɓata masa rai a kan abin da ya yi don Allah.

Waɗanda ba sa zaune tare da mu za su so sanin abin da ya tashe mu. A daminar bara, cikin watan Agusta, ruwan dare ɗaya ya cika layinmu har ya haura dokin ƙofa, ya shiga zauruka da ɗakuna, ya jiƙa hatsi da katifu, ya kuma kayar da katangar ƙasa a gidaje biyu. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Washegari kowa na cewa ruwa ne ya yi yawa, amma dattawan unguwa suka ce sun ga wanda ya fi shi a da, bai kuma shiga gidan kowa ba. A lokacinsu akwai kududdufai, ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, kuma can ruwan sama ke taruwa ya huce. Yau an cike yawancinsu da shara an yi gini a kai, ruwa bai da wurin zuwa sai magudana, ita kuma magudanar mun mayar da ita juji. Duk wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka masu yawa cikin dare ɗaya, ya san ruwa ba abin wasa ba ne a wannan jiha, duk da ana kallonmu a matsayin mutanen bakin hamada.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba. Ruwan da ke fita daga unguwanninmu rafin Ginzo yake gangarawa, kuma da ruwan wannan rafi masu lambu ke ban ruwa daga nan Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri. Wato abin da muka watsa a kwata da safe yana iya dawo mana a faranti cikin latas da kabeji. Ruwan da ya kwanta a wuri guda kuwa, sauro ke ƙyanƙyasa a ciki, kuma mako ɗaya zuwa biyu ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo. Iyaye mata sun fi kowa sanin abin da zazzaɓin cizon sauro ke ci musu tsakanin Yuli da Oktoba.

Muna gode wa mai unguwarmu, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda ya kira magidanta ƙofar gidansa ya yi musu bayani da bakinsa, sa'annan ranar farko ya fito da kujerarsa ya zauna a bakin aikin tun hantsi har azahar. Zamansa kaɗai ya kashe gardama da yawa, musamman wurin masu shagunan da suka shimfiɗa siminti a kan magudana, waɗanda dole aka fasa musu dakali kafin a kai ga toshiyar. Haka nan muna gode wa limamanmu da suka yi sanarwa bayan sallar asuba da ta isha'i, suka tunatar da jama'a cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Wani dattijo da ya haura tamanin, wanda ba ya iya riƙe shebur, ya zo da sandarsa ya tsaya yana ba yara labarin duba-gari na zamanin En'e, yadda yake shiga gida ya leƙa randa, in ya ga tsutsa a ruwa maigida ya shiga uku. Wani kuma ya ɗauko zancen yaƙi da rashin ɗa'a da aka ƙaddamar a 1984, lokacin da ake fitowa shara ko ana so ko ba a so. Dattijon ya yi dariya ya ce, "To ku ga shi babu soja babu bulala kun fito, Allah ya yi muku albarka." Wannan addu'a ta yi wa matasanmu daɗi ƙwarai.

Matasan su ne ƙashin bayan aikin, kuma yabon gwani ya zama dole. Wanda bai leƙa cikin magudanar ba ba zai gane abin da suka shiga ba. Baƙar laka ce mai kauri har gwiwa, mai warin da ke bin mutum gida ko ya yi wanka sau biyu, cike da ledar ruwa da robar lemo da tsummokara da fasassun kwalabe. A kwalbatin da ke mararraba, inda ruwa ya fi tsayawa, sai da aka kwana biyu ana dabara, domin sandar gora ba ta wuce kamu uku a ciki. Daga ƙarshe wani yaro mai ƙaramin jiki, ɗan koyon kanikanci, ya ce a ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya shiga da rarrafe da tocila a baki, mu kuma muna riƙe da igiyar gabanmu na faɗuwa, ya ɗaura ƙugiya a jikin abin da ya tokare, aka haɗu aka ja. Tsohuwar katifa ce ta naɗe da tayar babur da buhunan siminti, sun zama kamar dutse. Da ta fito, ruwan da ya yi wata da watanni a kwance ya tafi da gudu, yara suka bi shi suna ihu. Ni kaina da nake riƙe da littafin rajista ban san lokacin da na ajiye shi na kama igiyar ba. Amma na faɗa a taro, ina kuma maimaitawa a nan, cewa ba za mu sake barin kowa ya shiga kwalbati haka ba, domin iskar da ke taruwa a irin wannan wuri tana iya sumar da mutum kafin a jawo shi. Allah ne ya kiyaye.

Iyayenmu mata da ƙannenmu ba su shiga laka ba, amma da babu su da aikin bai wuce azahar ɗin ranar farko ba. Gidaje suka raba kwana a tsakaninsu ba tare da mun roƙa ba: koko da ƙosai da safe, dambu ko shinkafa da wake da rana, ga zoɓo mai sanyi a jarka. Wata gwaggo mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda kowa ya san abin hannunta bai taka kara ya karya ba, ta aiko jikarta da bokitin kunun tsamiya kowace Asabar, da muka aika mata da kuɗin gero ta mayar da shi tana faɗa. Haka gayya take tun asali. A ƙauye mai gona ke kiran jama'a, ya tanadi fura da tuwo, makaɗa su zo da gangar noma suna zuga gwanaye, a gama gonar da za ta ci mutum ɗaya wata guda cikin yini. Mu ba mu da ganga, sai wani mai gyaran rediyo da ya jona mana lasifika, amma tsarin bai canza ba. Na ji wasu na tambaya ko wata ƙungiyar ƙasashen waje ce ta koya mana wannan, sai na ce su tambayi kakanninsu.

Muna gode wa malamin makarantar allo da ya ba manyan almajiransa izini suka taya mu turin baro. Sun yi aiki ba ƙyuya, kuma mun tabbatar sun ci abinci tare da kowa a faranti ɗaya, an ba kowannensu sabulu. Mai walda ya gyara mana shebur da manjagara kyauta duk lokacin da suka karye, mai kemis ya ba da auduga da maganin wanke ciwo, masu sayar da ruwa a kura suka ajiye mana jarkoki don wanke hannu da ƙafa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Wajibi ne kuma mu nemi afuwa a kan abubuwa biyu. Na farko, lakar da muka fitar ranar Asabar ta biyu mun tara ta a bakin hanya bisa alkawarin da aka yi mana cewa mota za ta zo ta kwashe kafin magariba. Motar ba ta zo ba, ba ta kuma zo washegari ba, daren Litinin kuma aka yi ruwa ya mayar da kusan rabin lakar inda muka ciro ta, sauran ya malale a ƙofar shaguna da gidaje. Masu shagunan sun yi fushi, kuma suna da gaskiya. Laifinmu ne da muka fara fitar da laka ba mu ga mota da idonmu ba. Wasu direbobin tifa masu ɗaukar yashi ne suka fitar da mu kunya, suka ce mu zuba musu mai kawai, suka yi sawu huɗu ba su karɓi ladan aiki ba. Na biyu, ɗaya daga cikin matasanmu ya taka fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, domin takalman roba da muka saya ba su isa kowa ba, shi kuma ya shiga da silifa. Wani mai Keke Napep ya sauke fasinjojinsa ya kai shi asibiti, aka yi masa ɗinki da allurar tetanas, kuma alhamdu lillahi ya fara takawa. Ƙungiya ta biya kuɗin magani, mun kuma je mun ba mahaifinsa haƙuri. Abin da ya ce mana shi ne, in yaron ya warke a sake kiransa. Daga yanzu wanda ba shi da takalmi da safar hannu aikinsa a sama yake, ba ya sauka ciki.

Game da kuɗi, duk abin da aka kashe daga aljihun mambobi da gudummawar 'yan unguwa ya fito, har da 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da suka turo nasu ta banki. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a, kuma littafin a buɗe yake ga duk mai son dubawa. An yi mana tayin riguna da kuɗi a kan mu rataya hoton wani a wurin aikin, muka yi godiya muka ce a'a. A cikinmu akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma ranar da aka ga hoton mutum ɗaya a bakin magudanar nan, rabin masu shebur za su koma gida. Wanda ke son taimakawa ƙofa a buɗe take, ya kawo baro ko siminti, a yi masa addu'a kamar kowa.

Mutane da dama sun tambaye ni yadda ake shiga ƙungiyar. Babu fom na kuɗi, babu sharaɗin boko ko sana'a. A cikinmu akwai malamin makaranta da tela da ɗan acaba da ma'aikacin jinya da mai faci. Abin da ake bukata shi ne mutum ya kai shekara 18, ya kasance mazaunin unguwa ko mai sana'a a cikinta, wani mamba ya shaide shi. Akwai ɗan kuɗin wata da ake bayarwa, amma wanda ba shi da hali ba a korarsa, ƙarfinsa ya wadatar. Mata suna da nasu reshen da shugabarsu, su ke kula da zagayen marasa lafiya da tattara kayan marayu lokacin sallah. Abin da ba mu so shi ne suna a littafi babu mutum a fili. A zaurenmu na WhatsApp mun fi mutum 100, kuma ranar da aka sanar da gayya kusan kowa ya rubuta "Allah ya ba da lada", amma waɗanda suka fito Asabar ukun duka ba su kai 40 ba. Ba gori nake yi ba, na san wasu uzuri ne ya tsare su, sai dai addu'ar za ta fi armashi in an zo an yi ta a bakin aiki.

Muna roƙon magidanta su ja kunnen yaran da ake aika zubar da shara, domin yawancin abin da muka ciro daga hannunsu ya faɗa, kuma a daina jiran hadari ya haɗu a fito da kwandon shara a juye a kwata da sunan ruwa zai tafi da shi. Aiki na gaba shi ne sassabe ciyawa da cike kaburburan da suka rufta a maƙabarta, wanda za a sa wa rana a taron wata, ranar Lahadi bayan sallar la'asar a ƙofar gidan mai unguwa. A nan ne kuma za a karanta lissafi a rubuta sababbin mambobi. Har yanzu shebur uku da baro ɗaya ba su dawo ba, kuma baron na aro ne, mai shi yana ɗaukar bulo da shi. Duk wanda suke wurinsa ya taimaka ya kai su shagon mai walda kafin ranar taron.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugaba da mambobi.