Babi 11 da na zubar saboda hoto ɗaya

Wata 7 na yi ina rubuta labarin wata budurwa da wani ke bibiyarta ta shafukan sada zumunta, kuma har yau in na buɗe rubutun farko sai na ji raina ya ɓaci. Babi 18 na rubuta. Daga cikinsu 11 sai da na zubar, duk a kan abu guda da na ɗauka na sani.

Ga abin da na ɗora labarin a kai. Jarumata ta sa hotonta a Instagram, mugun ya sauke shi, ya tono bayanan da kyamarar waya ke binnewa a cikin hoto, ya ga daidai inda aka ɗauka, ya gano gidanta. Bayanan nan akwai su, EXIF ake ce musu, suna iya ɗauke da lokaci da samfurin waya da wurin da aka tsaya. Abin da ban bincika ba shi ne Instagram da Facebook suna goge su daga hoton da jama'a ke gani. WhatsApp ma haka, sai dai in an tura hoton a matsayin fayil. Wanda ya fara karanta mini rubutun, aikinsa kenan harkar kwamfuta, a layi biyu ya gaya mini wannan. Binciken minti 5 ya isa ya hana ni wannan asara, ban yi ba, don na sha ganin ana yin haka a finafinai.

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na shiga faci. Na mai da mugun ƙwararren ɗan kutse mai fasa waya daga nesa, na ƙara masa kwamfutoci da ɗaki mai duhu. Sati 3 na ɓata a haka, labarin yana ta ƙara nauyi, tsoron yana raguwa.

Mai karatu ta biyu ce ta farkar da ni. Ita an taɓa bibiyarta da gaske, wanda ya taɓa nemanta ne ta ƙi shi. Ta ce mini ko kaɗan gabanta bai faɗi ba da ta karanta, domin nata mutumin bai iya kutse ba, haƙuri kawai gare shi, kuma ya san ƙawayenta. Duk sitatus ɗin da ta sa, sunansa ne na farko a jerin waɗanda suka kalla, ko da ƙarfe 2 na dare. Ya san akwai hanyar kashe alamar da ke nuna ya kalla don kada ta gan shi, amma ya bar ta a kunne, so yake ta gani. Ta toshe shi, ya dawo da sabuwar lamba. Wata rana ya yaba rigar da ta sa jiya, rigar da ba ta ɗauki hoto da ita ba. Tana ba ni labari muryarta na rawa, ni kuma kunya ta kama ni, don a babi 18 babu layi ɗaya da ya kai wannan ban tsoro.

Daga nan na koma karatu yadda ya kamata in yi tun farko. A Japan a 2019 an kama wani da ya gano tashar jirgin ƙasan da wata mawaƙiya ke bi ta hanyar ƙara girman hotunanta yana duba abin da ya haska a ƙwayar idonta, ya gwada da taswirar Google, ya je ya jira ta. Babu wayar da ya fasa. Ido ne da naci.

Sabon rubutun ya tafi da sauƙi, ba sai na ja ba. Abin da ya canza shi ne inda na ajiye kyamarar labarin: cikin kan jarumar. Tun babi na 4 mai karatu ya san mugun, abin da bai sani ba shi ne wace ƙawa ce ke kai wa mugun labari, kuma ko ta san tana kaiwa. Jarumar ta fara ƙirga masu kallon sitatus ɗinta, tana rage abokai ɗaya bayan ɗaya, tana zargin wadda ba ta da laifi. Duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce ta toshe shi mana, ko ta daina sa hoto, kamar ita ta jawo. Ta goge saƙonninsa don ƙyama, ranar da aka nemi shaida ba ta da komai a hannu. Wannan ma daga bakin mai karatu ta biyun nan na samo shi, da izininta.

Abu ɗaya na ƙi yi. Inda bayanin dabarar bibiya ya fara kama da darasi, na datse shi, na bar abin da ya jawo wa jarumar kawai. Ba na son wani ya rufe littafina ya fi iya abin da na rubuta don in nuna muninsa.

Yanzu waya biyu nake ajiyewa a gefena da asusu biyu na gwaji. Duk abin da zan ce manhaja tana yi, sai na aika daga wannan zuwa waccan na gani da idona, domin manhajojin nan suna canzawa, abin da ke aiki bara ba lallai ya yi bana ba. Babi na 9 na rubutun farko, inda mugun ke buɗe hoton nan, shi ne wanda na fi so a duk abin da na taɓa rubutawa. Na gwada cusa shi a sabon littafin sau 2, bai zauna ba. Yana nan a fayil ɗinsa, ban iya gogewa ba.