Littafin Holmes da kwafi 150 da na yi asara

Mu uku ne a shagon: ni, da ɗan yayata da ya zo karatu na riƙe shi, da wata baiwar Allah da ke zuwa kwana biyu a mako tana mana lissafi da aika kaya ta gidan waya. Shagon yana wani ƙaramin gari a gabashin Ingila, ɗaki biyu ne kacal, ɗaya na kwamfuta ɗaya na ɗinki, kuma ƙamshin gam ba ya barinsa ko da an bar taga a buɗe. Aikinmu shi ne mu ɗauko kiɗan da aka rubuta da hannu shekara 400 da suka wuce, mu sake tsara shi yadda ido zai iya karantawa, mu buga, mu ɗinka, mu sayar wa masu kaɗa lut.

Lut ɗin nan dangin molo ne da garaya, sai dai ya fi su yawan tsirkiya nesa ba kusa ba. Cikinsa kamar an tsaga gwanda biyu, an haɗa shi da siraran katako, kansa kuma a karye yake zuwa baya. Sunan ma daga Larabci ya fito, al-ud. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya babu abin kiɗan da ya kai shi daraja a gidajen masu hali, 'ya'yan manya maza da mata duk ana ɗauko musu malamin da zai koya musu.

Ni ban iya kaɗa shi ba, gara in faɗa tun da wuri. Ɗinkin littafi na gada. Mahaifina a Kano yana yin tadarishi da gafaka, kuma a gabansa na koyi ɗaga takarda a hasken rana don ganin tambarin da ke cikinta, irin hoton jinjirin wata guda uku ɗin nan na takardun Italiya da malamanmu suka yi ta rubutu a kansu. Da na zo nan sai na tarar ilimin ɗaya ne. Tsohuwar takardar Ingila ma ta tsumma ce, galibi daga Faransa aka kawo ta, tana da nata tambarin a ciki, sau da yawa hoton tulu. Tawadarsu kuwa ana haɗa ta da ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak, da gishirin ƙarfe, da ƙaro. Ƙaron dai da muka sani.

Littafin da ya fi ciyar da mu ba shi da suna, lamba gare shi: Dd.2.11. Wannan adireshinsa ne kawai a kan kanta a laburaren Jami'ar Kembirij. Yana ɗauke da kiɗa fiye da 300, kuma shi ne na farko a cikin littattafan lut guda huɗu da hannu ɗaya ya rubuta, hannun wani mai suna Matthew Holmes. Sauran su ne Dd.5.78.3 da Dd.9.33 da Nn.6.36. In aka haɗa su duka, kiɗan ya haura 600. Dalilin da ya sa suke da nauyi haka shi ne, a Ingila ta wancan lokaci kaɗan ne ƙwarai aka buga na kiɗan lut zalla a maɗaba'a. An fitar da wani a 1596, wani a 1603, wani a 1610, ba su taka kara sun karya ba. Sauran duk a hannu yake yawo, wannan ya ara wa wancan ya kwafa. Da waɗannan huɗun sun ƙone ko ɓera ya cinye su, da kaso mai yawa na kiɗan manyan makaɗan lokacin irin su John Dowland da Francis Cutting da Anthony Holborne da John Johnson da Daniel Bacheler ya tafi ke nan. Shahararren kiɗan Dowland mai suna Lachrimae ma yana cikin Dd.2.11, ba a wuri ɗaya ba, kuma an kwafe shi tun kafin Dowland ɗin ya fitar da nasa bugun na 1604.

Rubutun ba irin na kiɗan coci da fiyano ba ne. Layi shida ake ja, kowane layi yana wakiltar tsirkiya, na sama shi ne mafi siranta. A kan layin sai a sa harafi: a na nufin kaɗa ta a sake, b danna gaɓar farko, c gaɓa ta biyu, haka dai har sama. A can bisa kuma akwai 'yan sanduna masu tuta da ke nuna saurin bugu. Wato rubutun ba ya faɗa maka sautin da zai fito, yatsanka kawai yake nuna wa inda zai sauka. Sabon shiga yakan sha wuya da harafin c, domin marubutan lokacin suna yin sa kamar r, wani lokaci kuma in alƙalami ya ɗebi tawada da yawa sai ya koma kamar e. Tsakanin c da e gaɓa biyu ce, kuma kunnen makaɗi ba ya yafe gaɓa biyu.

To, wannan zance na cewa rubutun yatsa yake nuna wa ba sauti ba, shi ya kayar da ni.

Wata malama mai koyar da lut ta ba mu aikin ɗan littafi na kiɗa 30 masu sauƙi daga Dd.2.11, za ta raba wa ɗalibai a wani taron bazara. Kwafi 150. Al'adarmu ita ce kafin mu buga komai sai wani dattijo Bature, tsohon makaɗi da ke zaune bayan layinmu, ya zo ya zauna a kujerar bakin taga ya kaɗa gwajin bugun daga farko har ƙarshe. Ladansa shayi da biskit da kwafi ɗaya. A wancan makon ya tafi wajen 'yarsa, malamar kuma tana ta waya. Yaron nawa ya riga ya zaɓo kiɗan daga hotunan da laburaren ya sa a intanet kyauta, ya shigar da su harafi bayan harafi, ni kuma na bi bayansa na gwada kowane layi da hoton. Babu kuskure ko ɗaya. Na ce a buga. Muka kwana biyu muna ɗinki.

Bayan kwana huɗu dattijon ya dawo, ya ɗauki kwafinsa, ya fara. Da ya kai na 17 sai ya tsaya. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, wannan ai ba na lut ba ne, na bandora ne.

Yaron ya ce, "Kawu, wallahi yadda yake a shafin haka na sa shi."

Na ce, "Na sani, ai ni na duba. Ɗauko mini babban littafin can na kan kanta."

Babban littafin shi ne hoton Dd.2.11 gaba ɗaya da ƙungiyar masu lut ta Ingila, Lute Society, ta buga a 2010, tare da jerin da ke bayanin kowane kiɗa. Na saye shi da tsada, ya kuma fi wata shida ban buɗe shi ba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a jerin: bandora.

Bandora wani abin kiɗa ne dabam, mai shafaffen baya da tsirkiyar waya, ba ta hanji ba irin ta lut. Wani maƙeri a Landan mai suna John Rose ya ƙirƙiro shi a 1562. Rubutunsa iri ɗaya ne sak da na lut, layi da haruffa da tutoci, amma ɗaurin tsirkiyoyin ya bambanta. A lut, gajeriyar tazarar sauti tana tsakanin tsirkiya ta uku da ta huɗu. A bandora tana tsakanin ta biyu da ta uku, kamar jita ta yanzu. Saboda haka in ka ɗora yatsu a lut yadda shafin ya ce, kowane harafi daidai ne, abin da ke fita kuwa kamar kuliyoyi biyu suna faɗa a kan rufi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin takarda ba ne. Na san tarihin littafin, na sha ba wa masu saye labarinsa don su ji daɗin biya, amma ban taɓa ɗaukar tarihin a matsayin kayan aiki ba, kamar allura ko wuƙar yanka.

Ga tarihin. Shekaru da yawa ana zaton littattafan 'yan Kembirij ne, tunda a can aka same su, mai su kuma bai rubuta a bango cewa nawa ne ba. Marubutanmu na gida in sun gama sukan sa tammat, su faɗi sunansu da na mai littafin, su roƙi addu'a. Wannan bawan Allah bai bar mana irin wannan ba. Sai a 1963 Ian Harwood, maƙerin lut kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Lute Society a 1956, ya nuna cewa hannun na Matthew Holmes ne, kuma ba a Kembirij ya yi aikin ba. Holmes mawaƙin coci ne kuma jagoran waƙa a Christ Church da ke Oksfod daga 1588. A 1597 ya koma Westminster Abbey a Landan, yana can har ya rasu a 1621. Dd.2.11 aikin shekarunsa na Oksfod ne, sauran kuma suka biyo baya har cikin zamansa na Landan.

Kuma ba littattafan lut kaɗai ya bari ba. Duka-duka guda tara ne na hannunsa a laburaren. Ɗaya na kiɗan sitan ne, wani ɗan ƙaramin mai tsirkiyar waya. Huɗu kuwa na ƙungiya ne, irin haɗin kayan kiɗa shida da Ingilawa suka so a lokacin: lut, bandora, sitan, sarewa, da goge biyu, ƙarami da babba. Kowane makaɗi da nasa littafin. Na lut da na sitan da na sarewa da na babban goge sun tsira, na bandora da na ƙaramin goge sun ɓata. A cikinsu akwai kiɗan Richard Reade, wanda shi ma mawaƙi ne a Christ Church tare da Holmes, abokin aiki ke nan. Masana suna ganin da waɗannan ake koyar da yaran da ke waƙa a cocin.

Ka ga ke nan mutumin da ya rubuta Dd.2.11 ba ɗalibi ba ne mai kayan kiɗa ɗaya. Mutum ne da bandora ke jingine a ɗakinsa kusa da lut, duk abin da ya shigo hannunsa mai kyau sai ya nemi fili a shafi ya cusa. Wanda ya san haka, da ya ga ɗan gajeren kiɗa mai sauƙi fiye da kima a ƙasan shafi, zai tsaya ya tambayi kansa na wane ne. Ni na sani, ban tambaya ba.

Akwai littattafan da ba sa ba da irin wannan wahala. Na Margaret Board, misali, wata budurwa daga Lindfield a Sussex da aka haifa a 1600. Sunanta yana ciki, akwai wurin da Dowland da kansa ya rubuta mata da hannunsa, har da alamomin wane yatsa za a sa. Wani makaɗin lut mai suna Robert Spencer ya saye shi a 1973, yanzu littafin yana makarantar kiɗa ta Royal Academy of Music a Landan. Littafin ɗaliba ne, a tsabtace, an yi shi don a koya. Aiki a kansa hutu ne. Amma in gaskiya za a bi, na Holmes na fi so, ko don ina ganin ɗan sana'a ne irina. Ana iya bin shekarunsa a shafukan. A littafin farko hannun a natse yake, sunan kiɗa da na mai shi sau da yawa a cike. A na biyu ya fara gajiya da dogon rubutu, sai ka ga F.C. ko J.D. kawai a ƙarshen layi, wani wurin ma babu komai, don shi ya san na wane ne, bai kuma yi tunanin wani Bakano zai zo bayan shekara 400 yana neman sani ba. A na ƙarshe hannun ya yi kaushi sosai. Duk wanda ya ga rubutun mahaifinsa yana canzawa da tsufa zai gane abin da nake nufi.

Shi ma yana kuskure, kuma nan ne rigimarmu ta kullum da yaron. Wani lokaci Holmes zai sa harafi a layin da ke sama da inda ya dace, ko ya tsallake tuta. Yaron yana so mu gyara shiru, tunda kowa ya san kuskure ne. Ni ban yarda ba. Kiɗa ɗaya yakan zo a littafi uku ko huɗu na zamanin, kowanne da ɗan bambancinsa, domin makaɗan lokacin ba su ɗauki kiɗa abin da aka kulle ba, kowa yana ƙara nasa gishirin. Abin da ka kira kuskure wata rana yadda ake kaɗa shi ne a Oksfod. Don haka ƙa'idar shagon ita ce, in mun canza harafi sai mun sa ɗan ɗigo a ƙarƙashinsa, a bayan littafi kuma mu faɗi abin da ke shafin asali. Yana cin lokaci, yana ƙara takarda, yawancin masu saye ma ba sa duba bayan. Wasu ƙalilan suna dubawa, su ne kuma masu dawowa.

Sauran aikin na hannu ne, ba shi da wani sirri. Takarda mai ruwan madara muke amfani da ita, fara tas tana ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila. Ɗinkin dole ya bar littafi ya kwanta a buɗe da kansa, domin makaɗi hannunsa biyu duk a cike suke. Saboda wannan dalilin ne kuma muke wahalar tsara kowane kiɗa ya ƙare a shafi biyu masu kallon juna, kada a kai tsakiya a ce sai an juya.

Malamar na kira ta na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya ta ce ita ma da ta duba jerin da muka aika mata ba ta lura ba, amma dariyarta ba ta rage mini ko fam ɗaya ba. Muka cire na 17, muka sa wani gajeren kiɗan lut a gurbinsa, dattijon ya kaɗa duka 30 ɗin a zama biyu, muka sake bugawa, muka kai ana saura kwana ɗaya taron.

Kwafi 150 na farko suna nan a kwali ƙarƙashin teburin ɗinki. Ban zubar ba. Masu ɗinkin littafi tun zamanin Holmes da ɓatattun takardu suke ƙarfafa ƙashin bayan littafi, ni ma haka nake yi da su, ina yanka su sirara ina mannawa a ciki inda ba a gani. Yaron ya lissafa ya ce a yadda muke cin su za su kai mu shekara shida.