Godiya ta musamman bayan sujadarmu ta ranar Lahadi

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ranar Lahadi da aka ba ni makirfo a gaban ikilisiya kuka ne ya ci ƙarfina, ban iya faɗin ko rabin abin da ke raina ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Ga waɗanda ba su san labarin ba, shekara huɗu kenan muna aikin bishara a Kumasi, ƙasar Gana, cikin zango. A watan Maris 2020 Baban yara ya taho Legas taron 'yan mishan na kwana goma, da ƙaramar jaka da riga uku. Ranar 22 ga wata Gana ta rufe boda, sama da ƙasa da ruwa, washegari Najeriya ma ta rufe filayen jirginta. Kwana goma sai ya koma wata shida. Shi yana nan, ni ina can da yara uku, ƙaramin bai kai yaye ba.

Wasu suna cewa ai ku kuna ƙasar waje kuna hutawa. Hmm, Allah dai ya kyauta. Mai aikin mishan ba shi da gona ba shi da shago, baikon da kuke sakawa ranar Lahadi shi ne tukunyarsa, to an kulle majami'u a Legas, ina baikon zai fito? Ɗan abin da ya samu kuma in an canja shi zuwa sidi, kuɗin Gana, sai ka ga ya ƙanƙance kamar an jiƙa gishiri. Ga makarantu a rufe, yara suna gida daga safe har dare, kuma kun san yaro in yana gida cikinsa ba ya hutu. Daga 30 ga Maris aka kulle Kumasi da Akara mako uku, Ista ta same mu a ɗaki. Ni ce liman ni ce mawaƙa, na karanta mana Littafi, muka yi waƙa biyu a hankali, babbar ta riƙe murfin tukunya a matsayin ganga.

Godiyata ta farko ga zumuntar mata. Iyayena, na san yadda Legas ta kasance lokacin kulle, wasunku sana'arsu ta tsaya cak, mai tuya ba tuya, mai kitso ba kitso, amma kuka riƙa haɗa ɗari biyar biyar duk sati saboda mu. Mama shugaba har katin waya take turo wa Baban yara don mu samu mu yi addu'ar safe tare ta WhatsApp, ƙarfe biyar a wurina ƙarfe shida a wurinsa.

Sai Alhajinmu na Agege mai harkar goro. Direbobin da muka saba ba wa saƙo duk sun ajiye mota, muka rasa ta inda kuɗi zai bi. Bawan Allahn nan ya ce a kawo masa naira a Agege, shi zai buga wa abokin cinikinsa na Kumasi ya ba ni sidi. Haka aka yi ta yi wata biyar, ko sisi bai taɓa cirewa ba, sau ɗaya ma da kuɗin bai cika ba cikawa ya yi bai gaya wa kowa ba, sai daga baya muka gane da muka zauna lissafi. Alhaji ba addininmu ɗaya ba, ya kuma san sarai aikin da ya kai mu can. Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a.

Haka ma Hajiya uwar gidan da muke haya. Daren da zazzaɓi ya kama ƙaramin, jikinsa kamar garwashi, ni duk tunanina korona ce, ina tsoron in an sani za a guje mu, ga mu baƙi. Na kasa fita na kasa zama. Ita ta ji kukansa ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ɗaura ɗankwali a hanci, ta taɓa goshinsa ta ce wannan zazzaɓin sauro ne 'yata, tashi mu je. Ɗanta ya kai mu asibiti a mota cikin dare, aka gwada, maleriya ce kuwa. Da azumi ya zo kullum sai kwanon koko da ƙosai ya shigo mana. In Baban yara ya kira sai ta karɓi wayar ta ce masa matarka yana lafiya, kar ka damu. Haka Hausar zango take, mace ma "ya" ake ce mata, da farko dariya nake yi, yanzu yarana ma haka suke magana.

Baba Rabaran da dattawa, kun ba Baban yara ɗakin baƙi na majami'a wata shida ba ku taɓa nuna gajiya ba. 'Yan'uwanmu na kasuwar Mile 12, ya ce albasa da tumatir da doya ba su taɓa yanke masa ba, har ƙiba na tarar ya yi, ni kuwa na zube.

Da Gana ta buɗe filin jirgin Akara ranar 1 ga Satumba, Legas kuma ranar 5, bodar ƙasa tana nan a rufe, dole sai jirgi. Kuɗin tikitin mutum huɗu, ni da yara mu taho Legas, da na gwajin korona, mu ko a mafarki ba mu da shi. Matasa, ku kuka bi gida gida. Na ga takardar da kuka rubuta sunaye, har da mai gadin da ya ba da dubu ɗaya, da masu okada biyu.

A filin jirgi ƙaramin ƙin zuwa wurin babansa ya yi, ya maƙale a wuyana yana kallon mutumin nan mai takunkumi a fuska. Sai da aka kwana biyu ya yarda ya ɗauke shi.

Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, ba mantuwa ba ce, wuri ne ya kasa. Masu tambaya ko za mu koma, e za mu koma in Ubangiji ya yarda, bayan Kirsimeti. 'Yan ajin karatun da na bari su tara suna jira, kuma Hajiya ta ce kar in sake in dawo mata ba kilishi.

Taku cikin Ubangiji,
Maman yara