"Un ratito" da ya zama awa huɗu

Ina wata na biyu a wani asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Madrid malamar da ke horar da ni ta miƙo mini takardar Y-BOCS, jerin tambayoyin da ake auna tsananin wani ciwo da su. Ta ce za mu riƙa ganin mara lafiya ɗaya, ni da safe, ita da rana, kowa ya ba da makinsa, sannan mu gwada. Ciwon da muke aunawa shi ne wanda Sifaniyawa ke kira TOC: tunani ya riƙa kutso wa mutum ba da sonsa ba, shi kuma ya dinga maimaita wani aiki don hankalinsa ya kwanta. A gida waswasi muke ce masa, irin na mai sake alwala sau goma.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Wayne Goodman, da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin a 1989. Tambayoyi 10 ne, biyar kan tunanin, biyar kan ayyukan, kowace daga 0 zuwa 4, jimilla 40. Na ɗauka lissafi ne kawai.

Wata mata 'yar Ikwado ce ta fara kwance mini wannan zato. Na ce, "Señora, tsawon wane lokaci kike wanke hannu a rana?" Ta ce, "Un ratito," wato ɗan lokaci kaɗan. Na rubuta 1, makin wanda bai kai awa guda ba. Malamata kuwa ba ta karɓi kalmar ba. Ta sa matar ta bi ranar jiya tun daga tashinta barci, wanka, girki, komawa bakin famfo bayan ta taɓa ƙofa, har lissafi ya kai wajen awa huɗu. Wannan 3 ne. Da muka haɗa, ni 21 na samu, ita 26, kuma daga 24 ake cewa ciwo ya tsananta. Ba ƙarya matar ta yi mini ba, kunya ce da kawaici, abin da ya kamata Bahaushe ya riga kowa ganewa.

Kalmar "obsesión", wadda likitoci ke kiran tunanin mai kutso da ita, ita ma tarko ce, don a bakin mutane tana nufin tsananin son abu, kamar ƙwallo. Su kuma 'yan Sifaniya da dama "manías" suke ce wa ayyukan, wato 'yan ɗabi'un da mutum ya saba da su, su yi dariya su wuce. Na koma bayyana kowace kalma da misali kafin in fara tambaya.

Wanda ya fi ruɗa ni wani dattijo ne da makinsa ya faɗi ƙasa sosai. Ya daina komawa duba murhun gas, har na fara murna, ashe girkin ya daina gaba ɗaya, 'yarsa ke kawo masa abinci. Bugu na biyu na ma'aunin, na 2010, ya shigar da irin wannan kauce wa abu cikin maki, jimillarsa kuma 50. Mu tsohon muke riƙe da shi, don haka malamata ta ce in rubuta abin a gefen takarda, na rubuta: "Ba ya kunna wuta tun damina." Sai da ta ɗaga gira na tuna ba a Kano nake ba, na goge na sa watan Agusta.